Neman Sunan Yankan Iya

Iya ta goya ni, ta tauna mini gyaɗa tun ba ni da haƙori, ta ba ni gatana wadda ba zan iya ƙirgawa ba, amma ta koma ga Allah ba ta gaya mini sunanta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, in yi mata addu'a, in shafa, raina ya sake ɓaci.

Ita ce mahaifiyar babanmu. A 'Yargoje muka tashi, babban gida mai sassa da yawa, ɗakinta kuma shi ne na can ƙurya kusa da rumbuna. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, saboda haka gatanarta ba ta kyauta ba ce. Da an kawar da amfanin gona sanyi ya fara shigowa, ana idar da sallar lisha za ta hura wuta a wani tsohon kasko mai fasasshen baki, ta tura masa karan dawa da guntun icen marke, ta dire wa kowane jika ƙwaryar gyaɗa a gabansa. Kai ka ɓare, ita ta ba da labari. In ta ji ƙarar ɓawo ta ragu, labari ya tsaya cak, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta haɗiye mutum. Ni Maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika, kuma ni ta fi sa wa ido, don ta san rabin abin da na ɓare cikina yake wucewa.

"Maigida," in ji ta, "hannu shi yi aiki, kunne shi ji. Baki ba a gayyace shi ba."

Ba ta buɗe gatana yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa gindin ƙwarya da yatsa ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita mu gani." Daga nan sai ta ja zanenta ta rufe ƙafafu, ta zuba wa wuta ido kamar a ciki take karanto labarin. Akwai na Gizo, akwai na kura da ɗan akuya, duk mun sha su. Amma wadda ta zauna mini a rai ita ce ta matar da Mutuwa ta kasa samu.

Wai wata mata ce mai wabi, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye. Da ta gaji da kuka sai ta zauna ta yi tunani, ta gano cewa Mutuwa laɓewa take yi bayan zana ranar suna. Da liman ya faɗi sunan jariri sai ta ɗaure shi a bakin zanenta ta tafi, in ta ga dama ta dawo ta tsaya ƙofar gida ta kira, yaro kuwa ya amsa ya bi ta. To, da matar ta sake haihuwa, ɗiya mace, sai ta roƙi liman ya raɗa sunan a kunnen jaririya kawai, a fili kuma aka ce sunanta Tsintuwa. Mutuwa ta ɗaure wannan a zane ta tafi tana murna.

Ranar da ta dawo ta kira Tsintuwa, ba wanda ya amsa, don a lokacin yarinyar ta fara tafiya, kowa 'Yar-Baƙa yake ce mata. Mutuwa ta koma ta sake shiri, ta zo neman 'Yar-Baƙa, aka ce nan dai Mai-Talla muka sani. Ta zo neman Mai-Talla, ashe an kai ta ɗaki ta zama Amarya. Daga Amarya ta koma Uwar-Wane, daga Uwar-Wane ta koma Kaka. Kullum Mutuwa a baya take da suna ɗaya. Iya takan tashi tsaye a nan ta kwaikwayi tafiyar Mutuwa, tana ɗingishi wai takalminta ya tsinke don yawo, mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube.

Sai kuma ta zauna, muryarta ta yi ƙasa. Matar nan ta tsufa, ta tsufa. Mijinta ya tafi, sa'o'inta sun tafi, 'ya'yan da ta haifa sun tsufa a gabanta sun tafi. Ta gaji, ta ɗauki sandarta ta je mararraba ta zauna, da Mutuwa ta zo wucewa ta ce, "Ga ni, ki tahi da ni." Mutuwa ta ce, "Mi sunanki?" Tsohuwa ta buɗe baki, ba ta sani ba. Uwar da ta ɓoye shi ta mutu, liman ya mutu, ita kuwa ranar da aka raɗa mata ba ta da wayo. Mutuwa ta ce ita ba ta ɗaukar wanda ba ta kira ba, ta yi gaba. Wai har yau tsohuwar na nan zaune a mararraba, duk wanda ya zo wucewa sai ta kama bakin rigarsa ta ce, "Ɗan nan, ka san ni?"

Iya ta yi saurin cewa, "Astagfirullah, gatana ce dai. Ajali in ya zo ba shi tambayar kowa hanya." Sannan ta ɗaga yatsa. "Amma ku ji. Komi za ku ɓoye, ku bar mutum guda wanda ya san inda kuka aje shi. Baƙuwa ta tashi, wanda ya yi gyangyaɗi shi bi ta shi ji saura."

Ni da ba na iya barin magana ta kwana, na ce, "Iya, ke mi sunanki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ku ji mani mijin banza. Ka auri mace ba ka san sunanta ba, sai yanzu? Nawa na bar shi wurin mutum guda. Ɓare mani gyaɗa."

Aka yi dariya, na ji kunya, na bar maganar. Da na san abin da ke gaba, da na riƙe ƙafarta a daren nan har sai ta faɗa.

Shekaru suka wuce. Iya ta rasu, babanmu ma ya bi ta ba da daɗewa ba. Rashin kwanciyar hankalin da ya sami yankinmu ya watsa gidan, wasu Kankara, wasu Funtuwa, wasu har Kaduna. Ni na zauna Kankara ina koyarwa a firamare. Matasan dangi suka buɗe zauren zumunci a waya, suka ce tunda ni ne malamin makaranta, in tattara asalin gidanmu kafin tsofaffi su ƙare. Na karɓa da zumuɗi, ina ganin aikin sati biyu ne.

Wanda bai taɓa bin asalin gidan Bahaushe ba bai san ciwon kai ba. Na daɗe ina murna na gano kakanmu yana da ƙanne uku, Tanko da Mai-Jaki da Malam Ƙarami, har ina neman zuriyar kowanne, sai wata tsohuwa ta yi mini dariya ta ce ai duk mutum ɗaya ne. Tanko don ya biyo mata, Mai-Jaki don ya yi fatauci, Malam Ƙarami don ya yi karatu da ya girma. Sunan da aka yanka masa rago da shi kuwa, ta ce sai dai in tambayi ragon. A gefe guda kuma muna da Abba huɗu da Ummi biyar, kowanne an ɓoye masa suna don ya ci sunan wani babba. Ka tambayi mace sunan mijinta ta rufe fuska. Ka tambayi uba sunan ɗansa na fari ya dubi sama ya ce ana ta zafi bana. Kowa ya san kowa, ba wanda ya san sunan kowa. An ce matambayi ba ya ɓata. Ni dai tambaya ce ta ɓatar da ni.

Duk wannan wasa ne, sai da matata ta sauka. Haihuwarmu ta fari, bayan mun daɗe muna jira, kuma mace. Tun ina tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa na aika wa zauren zumunci cewa Iya ta dawo, sunanta za a sa. Addu'o'i suka yi ta shigowa. Aka miƙo mini jaririya a cikin zane, na kai bakina kunnenta na yi mata kiran salla, na zo wurin raɗa suna, sai na tsaya da baki buɗe. Iya ba suna ba ne. Ba limamin da zai tsaya gaban jama'a ya ce an sa wa yarinya Iya.

Na fara da mahaifiyata. Ta ce, "Ni da aka kawo ni gidan na iske ana ce mata Iya, zan tsare surukata in ce mi sunanki? Kana da hankali kuwa?" Na koma zauren zumunci. Wani ya rantse Hauwa ce, don ya taɓa jin an ce Kulu. Wata ta ce ƙarya ne, Kulu yayarta ce da ta rasu tun tana goye. Wani ɗan baffanmu da ke Kaduna, wanda ko fuskarta bai sani ba, ya rubuto dogon bayani cewa matan zamanin da duk Aishatu ne. Kafin azahar an yi faɗa biyu, mutum ɗaya ya fita daga zauren.

Na hau babur na je 'Yargoje. Tsofaffin da suka rage a unguwarmu suka tarbe ni da murna, suka ce wa zai manta da Mai-Ƙuli? Na ce sunanta nake nema. Suka ce to, Ta-Daudawa, tunda daga can aka auro ta. Na ce na yanka. Suka dubi juna kamar na tambayi sunan uwar Fir'auna.

Washegari na bi ta Mairuwa na shiga Daudawa da hantsi, don hanyoyin nan yanzu ba a yi musu sammako, ba a kuma yi musu yamma. Aka kai ni wurin Baba Nomau, ɗan ƙanen mahaifinta, tsoho tukuf, yana kishingiɗe a zaure. Da na faɗi wanda nake sai ya kama hannuna ya yi ta hawaye.

"Jikan Ajuji ne? Allahu akbar. Ajuji tamu."

A nan na fara jin wannan sunan. Ya ce uwarta ta binne 'ya'ya da yawa kafin ita, shi ya sa da aka haife ta aka kai ta kan juji aka ajiye, wata maƙwabciya ta ɗauko, wai a nuna ba a damu da ita ba ko ta tsaya. Ashe gatanar da muke dariya muna zubar da gyaɗa, rabinta labarin kanta ne take ba mu. Amma wannan bai hana ni abin da ya kawo ni ba. Na ce, "Baba, to ranar suna mi liman ya faɗa?"

"Yo ni ina nan? An haihe ni?" Ya yi ta motsa baki. "Ko Hajara... ko Rakiya... Kai, ɗan nan, ka sa wanda ya yi maka daɗi. Allah ya san wadda kake nuhi."

Allah ya sani, ba shakka, amma ni nake so in sani. Ina miƙewa zan tafi ya ce in akwai mai riƙe da shi, to ɗiyarta ta fari ce, wadda ta yi jinyarta. Wato Gwaggo Delu, yayar babanmu, da ke aure a Sabuwa. Sai a lokacin na tuna da mutum gudan da Iya ta ce ta bar wa. Duk gidan nan, da 'ya'ya maza da jikoki masu karatu, ta rasa wanda za ta ba ajiyar sunanta sai mutum ɗaya tak da al'ada ta ɗaure wa baki. Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi.

Ana jibi suna na isa Sabuwa. Na sami Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame, idonta ya fara hazo, na kuma san in ta tafi ta tafi da shi ke nan. Muka gaisa, ta yi barka, ta sa aka dama mini fura. Da na kawo maganar ba ta yi musu ba.

"Na san shi. Ta hwaɗa mani tun da daɗewa, ta sake hwaɗi tana kwance, ta ce in za a yi mata sadaka a san wadda ake yi mawa."

"Alhamdu lillahi. To, Gwaggo, mi ne ne?"

Ta ajiye faifan. "Bakin nan nawa shi kama sunan Inna? Ita har ta mutu ba ta taɓa kiran nawa ba, don ni ce ta hwari. Sai ni in rama mata da rashin kunya tana kabari?"

Na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ce raɗa ma faɗi ne. Na ce ta rubuta, ta ce ko alif ba ta iya ja ba, da ta iya ma hannu ai ɗan'uwan baki ne. Na ce to zan riƙa jero sunaye, in na zo kansa ta gyaɗa kai. Na fara, Amina, Hadiza, Maryamu, sai ta ja mayafi ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, ta zauna kamar buhun gero. Ban taɓa jin haushin babba irin na ranar ba. Ga sunan nan a tsakar gida ɗaya da ni, tsakanina da shi mayafi kawai, ga direban motar da zan bi in koma gida yana cewa shi la'asar ba za ta same shi a hanya ba.

Na ce, kuma muryata ta fi ƙarfin yadda ya kamata, "Gwaggo, kunyar nan taku za ta binne ta sau biyu. Jibi liman zai tambaye ni. In na yi ƙarya, ɗiyata ta ɗauki sunan wata can, kuma daga ke ba sauran mai gyarawa."

Mayafin bai motsa ba. Na ɗauki hulata na miƙe. Sai na ji ta yi gyaran murya, ta ɗaga kai ta kwaɗa kira ta saman katanga.

"Mai-sunan-Inna! Kina ciki? Leƙo ku gaisa da ɗan ƙanena."

Wata mata mai matsakaicin shekaru ta shigo, hannunta duk ƙullun koko. Maƙwabciyarta ce, ashe tun da matar ta tare a unguwar, Gwaggo ba ta taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan. Gwaggo ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗaki, ta saki labule. Na gai da matar, na ce don Allah mi sunanta.

"Ladi ake ce mani."

Saura kaɗan in zauna a ƙasa. Na ce, "Baiwar Allah, ba ranar da aka haife ki nake tambaya ba. Na yanka."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi, ta faɗa a hankali. Suna ne da na sha ji, akwai masu shi biyu a ajin da nake koyarwa, ba wani abin mamaki. Na maimaita shi a raina ina ƙoƙarin ɗora shi a kan tsohuwar nan mai ƙamshin man gyaɗa, sai na ga wata yarinya ce da ban taɓa sani ba, wadda aka yanka wa rago a Daudawa ana tsoron ba za ta kai yaye ba. Daga bayan labule na ji Gwaggo na kuka ƙasa-ƙasa. Na tsaya a ƙofar na nemi gafararta, ta ce in tafi kada mota ta bar ni.

Ranar suna da safe liman ya faɗe shi a zaure, aka shafa fatiha, maroƙi ya leƙa cikin gida ya kwarara shi, aka yanka rago. Na ji kamar na sauke dutse. Murnar ba ta kai azahar ba. Mahaifiyata ta karɓi jaririya ta ce ita dai ba za ta kama sunan surukarta ba, Ummi za ta riƙa cewa. Baffannina suka ce sunan uwarsu ne, Ummi ɗin ta yi. Matata ta ce ɗiyar fari ce, wa ya isa ya sa ta ta kama sunanta? Na yi faɗa, na ce na zaga ƙananan hukumomi uku a kan wannan suna, ba don a mayar da shi cikin tukunya a rufe ba. Suka bar ni ina yi, suka ci gaba da rabon waina.

Na daɗe ina ɗaukar wannan ɗabi'a tamu a matsayin sakaci, har yanzu ma rabin raina haka yake gani, don mutane suna ɓacewa a cikinta, wanda ya zo neman su daga baya ya tarar da Tanko da Mai-Jaki kawai. Amma tun kukan Gwaggo na fahimci cewa ba don sun raina sunan suke ƙin faɗa ba. Wanda aka fi so, ko aka fi jin tsoron rasawa, shi ake ɓoye wa suna. Iya ta san daɗin abin ta san haɗarinsa, shi ya sa ta ba mu shi a gatana, ta ƙi ba mu a baki. Duk da haka ban yafe mata wahalar hanyar Sabuwa ba.

Da yammar ranar sunan wani abokin aikina da bai sami zuwa da safe ba ya iso, muka zauna a ƙofar gida. Ya yi barka, ya ce, "Malam, mi aka samu?"

Na gyara zama. Ga dama ta zo, zan faɗe shi da ƙarfi har na cikin gida su ji. Na buɗe baki. 'Yata ta fari, sunan uwar ubana. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa, na ji kunnuwana sun ɗau zafi, na tsinci kaina ina kallon takalmina.

Na ce, "Sunan tsohuwa ta ci."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. "To, madalla. Allah shi raya Ummi."

Na ce amin.